Tsatsar Maƙwabtaka: Daga Kwanon Rufi zuwa Jirgin Sama

A unguwannin Nima da Maamobi na birnin Accra, akan ga kwanon rufi na alminiyam ya yi farin gari a gefen ƙusa, daga baya ya huje, alhali sauran jikinsa lafiya lau. Bahaushe zai ce tsatsa ce, ko da yake tsatsar da ya saba gani ja ce.

Dalili shi ne, idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, ruwan gishiri ya jiƙa su, sai su zama tamkar batir. Lantarki ya riƙa gudana tsakaninsu, ɗaya yana cinyewa, ɗayan kuma yana tsira. Iskar teku ita ke kawo wa Accra gishirin. A nan alminiyam ne ke cinyewa, ƙusar ƙarfe ta tsira.

Irin wannan matsala ce ke damun maƙeran jirgin sama. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, kusan rabin nauyinsa haɗin zaren kabon ne da makamantansa. Zaren ba ƙarfe ba ne, amma yana ɗaukar lantarki, ga shi ba ya tsatsa, saboda haka duk alminiyam ɗin da ya taɓa shi cikin danshi shi ke shan wahala. Shi ya sa ake shimfiɗa zaren gilashi tsakaninsu, ko a yi amfani da ƙusoshin taitaniyam. Kafintan Nima kuwa, ƙusar alminiyam mai wosha ta roba ta ishe shi.