Aikin Gwamnati A Hannun 'Yan Kwangila

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji an ce Gwamnati ta ba da kwangila, amma ba kowanenmu ne ya san yadda abin yake tafiya ba. Ga bayaninsa a taƙaice.

In Gwamnati tana bukatar kaya ko gini, hanya biyu gare ta. Ko dai ta sa ma'aikatanta su yi, kamar yadda En'e takan yi a zamanin da, da maginanta da kafintocinta, ko kuwa ta rubuta abin da take so, ta yi shela, kamfanoni su kawo farashinsu a rufe, sa'an nan ta zaɓi ɗaya. Wannan ta biyun ita ce kwangila. A 2007 Nijeriya ta kafa doka musamman domin a riƙa yin wannan gasa a fili.

Mu mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ba sai mun je nesa neman misali ba, gama ga Tafkin Kainji a ƙofar gidanmu. A 1962 aka kafa hukumar da za ta datse Kwara. Da yake ba ta da injuna da gwanayen da za su iya, sai ta ba kamfanin Impregilo na Italiya aikin, ya fara a 1964, ya gama a 1968. Amma fa ba a bar shi shi kaɗai ba. Injiniyoyin Balfour Beatty na Ingila da Nedeco na Holan su ne masu ba hukumar shawara. Watau mai yin aiki dabam, mai duba shi dabam, don ba a ba kura ajiyar nama.

To, da ruwa ya taru, sai ya ci tsohon garin Bussa da tsibiran Gungawa, inda suke noman albasa. Mutum wajen 44,000 aka tasa, aka gina musu gidajen bulo bisa fasalin da wani Bature, Robin Atkinson, ya zana. Gini ya yi ƙarfi, amma da yawa sai da suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna irin nasu kafin zama ya yi musu daɗi.

Nan ne darasin yake. Ɗan kwangila abin da ke cikin takarda shi yake yi, abin da ba a rubuta ba kuwa ba ruwansa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, gaskiya ne, amma sai an faɗa masa irin askin. Saboda haka kafin a rubuta takarda ya kamata a tambayi waɗanda za a yi wa aikin, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin bai tsaya ga gini ba. A 2013 aka danƙa wa kamfanin Mainstream tafiyar da tashar lantarkin Kainji kanta. Ko da yake aiki ya koma hannun kamfani, alhakin jama'a yana wuyan Gwamnati.

Gobe waɗansunmu za su zama malaman ofis, alƙalamin kwangila yana hannunsu. Mu rubuta bukata sarai, kada araha ta ruɗe mu, kada kuma mu sa hannu a biya sai mun gani da idonmu. Kuɗin talakawa ne, amana ce. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin.