Kuɗin Kaka Da Bashin Damina

Kowace shekara idan kaka ta yi a ƙasar Kaugama, kuɗi yakan shigo hannunmu gaba ɗaya. Mukan girbe gero da dawa, mu sayar da riɗi, masu gonar fadama kuma su yanke shinkafa. Amma idan watan Agusta ya zo, gidaje da yawa rumbu ya zama wayam, maigida ya fita neman rance. Ina kuɗin ya tafi?

Ga yadda abin yake faruwa. Da kaka hatsi yana da araha, domin kowa yana sayarwa. A daidai lokacin ne kuma Kirsimeti da bukukuwan aure suke zuwa. Sai mu kwashe buhuna mu kai kasuwa don ɗinkin anko da sabuwar waya. Da damina kuwa sai mu sayi hatsin nan da tsada, ko mu ci buhu bashi a kan za mu biya fiye da shi idan an yi girbi. Ta haka amfanin gonar baɗi ya zama na wani tun ba a shuka ba. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa, gaskiya ne kuwa.

Mu da muke zaune kusa da Kogin Haɗejiya mun san ba kowace shekara ce take kyau ba. A shekarar 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje masu yawa a Jihar Jigawa. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka hau. Wanda ya yi ajiya ya sha wuya, amma wanda ake binsa bashi ya sha wuya biyu, gama ruwa yakan tafi da gona, ba ya tafiya da bashi. Ku tuna da Yusufu a Masar, wanda ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar na hatsi a shekarun ƙoshi, ya ceci mutane a shekarun yunwa (Farawa 41).

To, me za mu yi, 'yan'uwa?

Kafin a sayar da ko mudu ɗaya, miji da mata su zauna su ƙidaya buhunan. Su ware na Ubangiji, su ware abincin gida har wata kaka, da iri, da kuɗin makarantar yara. Abin da ya rage shi ne na biki. Matan zumunta kada su sa anko mai tsadar da zai tura gwauruwa cin bashi. Mai shiga adashi ya shiga daidai ƙarfinsa. Tunkiya ko akuya ɗaya da aka saya da kaka takan fid da gida daga kunya da damina.

Akwai bashin dole, kamar na ciwo, ba kuwa zunubi ba ne. Amma wanda ya ci, ya je da ƙafarsa ya biya a kan lokaci. Maƙwabtanmu da yawa ba za su karanta Littafi Mai Tsarki ba, amma sun san Kiristan da yake sauya hanya idan ya hango mai kanti. Kamun kai ɗiyan Ruhu ne (Galatiyawa 5). Mu roƙi Ubangiji ya ba mu shi tun hatsi yana rumbu.