Rigar 'Yar Tsana Ita Ce Makarantar Farko Ta Mai Saƙa

Garin Iware, wanda ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari cikin Ƙaramar Hukumar Ardo Kola ta Jihar Taraba, ya yi suna ne saboda kasuwarsa ta shanu. Amma a cikin gidaje, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai wata sana'a da ba kasafai maza ke lura da ita ba, watau saƙar kwarashi. Mata da yawa kuwa a jikin 'yar tsana suka koye ta.

A da, yarinya ita ke haɗa 'yar tsanarta da kara ko totuwar masara ko laka. Sai ta bi teloli tana tsintar ƙyallaye, ta roƙi ragowar zaren ulu wurin uwa ko yaya. Hular 'yar tsana ba ta cin zare, in ta karkace a warware a sake, babu asara. A nan ne yarinya kan koyi riƙon kwarashi, da jan sarƙa, da ƙidayar ƙulli don kada hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wadda ta iya wannan, in hunturu ya shigo ba za ta kasa saƙa wa jariri hula da safa ba, har ma ta sayar a gidan suna.

Masu raina abin sai su dubi Haneefah Adam, 'yar Ilorin, wadda ta riƙa ɗinka wa 'yar tsanar Barbie hijabi da doguwar riga tana sa hotunan a Instagram. A shekarar 2016 labarinta ya bazu har Ingila da Amurka. A 2017 kuma kamfanin Mattel ya bayyana Barbie ta farko mai hijabi.

Abin damuwa shi ne 'yan tsanar roba na yanzu da rigunansu suke zuwa, ga gwanjo ya cika kasuwa, ga waya ta ɗauke hankalin yara. Yarinyar da aka miƙa wa kome a gama, me zai sa ta ɗauki kwarashi?

Saboda haka ya kamata iyaye mata su daina zubar da ragowar zare, malaman firamare kuma su ba wannan aikin hannu muhimmanci. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.