Uzuri A Bakin Ƙofa

Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta Ƙofar Na'isa. An rushe tsohuwar ƙofar a 2010 domin a faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Duk lokacin da muka ratsa ta, takan tuna mana da wata ƙofa ta Urushalima, wato Ƙofar Tumaki, wadda aka ambata a Bisharar Yahaya sura 5.

Kusa da wannan ƙofa akwai wani tafki, marasa lafiya suna kwance a gefensa suna jiran ruwa ya motsa. A cikinsu akwai wanda ya shekara 38 da ciwo. Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke. Maimakon ya ce i, sai ya shiga bayani cewa ba shi da mai sa shi a ruwa, kullum wani yakan riga shi.

Mu lura fa, mutumin nan bai yi ƙarya ba. Nan ne haɗarin yake. Uzurin ƙarya yana da saukin ganewa, amma uzurin da yake gaskiya mukan rungume shi har ya zama tabarmarmu. Ɗalibin da iyayensa suke zaune a wajen Ƙofar Na'isa zai ce majami'a tana can Sabon Gari, kuɗin mota ya yi yawa, ga shi ba Kirista ko ɗaya a layinsu. Duka gaskiya ne. Amma nisan Sabon Gari bai hana shi buɗe Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa ba. Mu malamai ma ba a bar mu a baya ba, namu uzurin shi ne tulin takardun jarrabawa.

Uzurin da ya fi kashe mu kuwa shi ne kunya. A ƙaramar hukumar Ungogo akwai Yadakunya, inda mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a 1937, kafin gwamnati ta karɓa daga baya. Ku saurari sunan da kyau: ya da kunya. Kuturta takan fara da ɗan tabo a fata wanda ba ya jin taɓi. Mai ita yakan rufe shi da riga don kada a sani, ciwon kuwa yana cin jijiyoyi a ɓoye, har yatsu su lalace. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna da ke warkar da cutar sarai, daga 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Amma magani ba ya mayar da yatsan da ya riga ya tafi.

Haka zunubin da aka ɓoye yake, ko satar amsa ce, ko gaba da ɗan'uwa ta shekara da shekaru. Wani kuma ba kunya ce take damunsa ba, sunan ƙofar ya ɗauka: na isa, an haife ni a gidan fasto, me za a koya mini?

Yesu bai tsaya jayayya da mutumin nan a kan tafki ba, bai kuma nemo masa mai taimako ba. Ya umarce shi ya tashi, ya ɗauki shimfiɗarsa. Ranar Asabar ce, ranar da aka hana ɗaukar kaya, ga wani uzuri a shirye. Ya ɗauka, ya tafi, shugabanni suka tare shi a hanya.