Ƙarfin Tafiya a Jikin Abin da aka Harba

1.0 Gabatarwa
Idan gero ya fara nuna a gonakin Sandamu da ke masarautar Daura, yara kan ɗauki majajjawa su kori tsuntsaye. Dutsen da ke fita daga majajjawar ya isa malami ya koyar da abin da masana kimiyya ke kira ƙarfin tafiya, wato nauyin abu a ninka shi da saurinsa zuwa wata fuska. Dutse mai giram 100 da ke gudun mita 20 a daƙiƙa yana da ƙarfin tafiya 2, a ma'aunin kilogiram-mita a daƙiƙa.

2.0 Lokacin Harbawa
Kafin yaro ya fara juya majajjawa, dutsen ba shi da ƙarfin tafiya ko kaɗan. Isaac Newton ya bayyana a shekarar 1687 cewa ƙarfin tafiya yana sauyawa gwargwadon ƙarfin da aka sa wa abu da tsawon lokacin da aka sa shi. Doguwar igiya tana ba hannu damar ingiza dutsen na tsawon lokaci, shi ya sa jifan majajjawa ya fi jifan hannu nisa. Haka kuma, abin da ya tura wani gaba, shi ma sai an tura shi baya. Wannan ne dalilin da bindigar toka take dukan kafaɗar mai harbi a hawan Sallah na Daura.

3.0 Lokacin Tafiya a Sama
Da dutsen ya bar igiya, janyowar ƙasa ce ke iko da shi. Tana rage saurin hawansa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan ya kai ƙololuwa, ƙarfin hawa ya ƙare, amma na tafiya gaba yana nan, iska ce kawai ke rage shi. Daga nan sai ya fara gangarowa, saurinsa yana ƙaruwa.

4.0 Kammalawa
Abin da aka harba sama yakan dawo ƙasa da ƙarfi. Ko da iska ta rage masa gudu, harsashin da ya faɗo yana iya kashe mutum. Wajibi ne malami ya jaddada wa ɗalibansa wannan haɗari.

Auna Fahimta
1. Me ya sa jifan majajjawa ya fi jifan hannu nisa?
2. Wane ɓangare na ƙarfin tafiya ne ke ƙarewa a ƙololuwa?