Abin da ke cikin faifan DVD

Faifan DVD kewayayye ne, mai walƙiya, da huda a tsakiya. Faɗinsa santimita 12. An fara sayar da shi a Japan cikin shekarar 1996. Da ya iso kasuwannin ƙasar Hausa, ya tarar da kasat ɗin bideyo da faifan VCD, ya ture su sannu sannu. Finafinan Kano sun yi ta shigowa bisa faifai, ta Illela da Birnin Ƙwanni, har Tawa. Masu ɗaukar hoton biki su ma bisa faifai suka riƙa zuba aikinsu.

Yau waya da katin memori sun karɓe kasuwa. Amma faifai yana nan cikin akwatuna. Akwai bikin aure a ciki, akwai suna, akwai fuskokin tsofaffin da suka rasu. Zafi da ƙura da karce suna cin faifai. Wanda yake son ya ceci waɗannan hotuna, sai ya san yadda aka shirya su.

Hoton fim ba ya motsi

Fim jerin hotuna ne tsayayyu. Ana nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai ido ya ɗauka motsi ne. Mustafa Alasan ya san wannan sarai. An haife shi a 1942, ya zauna Tawa shekaru da yawa, ya rasu a 2015. Cikin 1966 ya fitar da wani gajeren fim mai suna Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. Babu kwaɗo ko ɗaya da ya yi tsalle gaban na'urar ɗaukar hoto. Zane ne bayan zane, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa.

A silima ana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda. A talabijin na Nijar da Najeriya da Faransa, hoto 25 ne. Minti guda daƙiƙa 60 ne, wato hoto 1.500 ke nan. Awa guda kuwa hoto 90.000. A Amurka da Japan, kusan hoto 30 ake nunawa cikin daƙiƙa. Wutar lantarki ce ta kawo wannan bambanci. Wutar Tawa tana kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Waɗanda suka ƙera talabijin na farko sun bi kaɗawar wutar ƙasarsu.

Tsarin Amurka sunansa NTSC. A Turai an yi tsari biyu na launi: PAL na Jamus, da SECAM na Faransa. Nijar ta bi SECAM, Najeriya ta bi PAL. Shi ya sa a zamanin kasat, akwatin da bai san PAL ba yakan nuna fim ɗin Kano fari da baƙi. Faifan DVD ya kashe wannan rigima, don babu faifan SECAM. Ƙasashen hoto 25 duka faifai iri ɗaya suke amfani da shi, ana ce mishi PAL.

Hoton kansa kamar tabarma yake. Daga nesa ana ganin ado guda, amma a kusa sai a ga ƙananan gidajen saƙa. Gidajen hoto ɗigo ne masu launi. A faifan PAL akwai ɗigo 720 a kwance, layi 576 daga sama zuwa ƙasa. Idan aka ninka, ɗigo 414.720 ke nan cikin hoto guda. Faifan NTSC yana da layi 480 kawai. VCD kuwa 352 ne da 288, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na DVD. Dalilin dushewar hotonsa ke nan.

Yadda ake danne hotuna

Faifan DVD mai hawa ɗaya yana ɗaukar jiga 4,7. Jiga ma'auni ne, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi. Da za a zuba kowane ɗigo yadda yake, da faifan ya cika cikin minti 4 ko 5. To, ƙaƙa fim na awa 2 yake shiga?

Dabara ce ake yi, sunanta MPEG-2. A ce an ɗauki raƙumi yana wucewa bakin tafkin Tabalak. Sama ba ta sake ba, ruwa bai sake ba, itatuwa suna inda suke. Raƙumi kaɗai ya gusa. Sai na'ura ta ajiye cikakken hoto kamar sau biyu cikin daƙiƙa. Tsakaninsu, abin da ya sake kawai take rubutawa. Sauran, sai ta ce a duba hoton baya.

Wannan dabara tana son natsuwa. Malami zaune yana karatu ba ya cin wuri da yawa. Filin kokowa wani abu ne daban. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko, cikin 1975, kuma duk wanda ya taɓa shiga fili ya san yadda yake: ƴan kokowa suna juyi, ƙura tana tashi, makaɗa suna kaɗa, jama'a suna tsalle. Kome yana sakewa lokaci guda. Idan aka matsa ma irin wannan hoto, sai ya farfashe, ya zama ƴan murabba'ai kamar tubali. Saboda haka mai hankali ba ya cusa awa 4 cikin faifan awa 2.

Akwai kuma abin lura. Duk lokacin da aka danne fim, wani abu yana zubewa, kuma ba ya komowa. Fim da aka danne sau uku ya fi na sau ɗaya dushewa.

Fayil uku

Idan aka sa faifai cikin kwamfuta aka buɗe, ba a ganin sunan fim. Jaka ake gani mai suna VIDEO_TS. Wani lokaci akwai ta biyu, AUDIO_TS, amma yawanci babu kome cikinta. Cikin VIDEO_TS akwai fayil iri uku. Fayil shi ne abin da ake ce ma fichier da Faransanci. Ana gane kowane iri da haruffa uku na ƙarshen sunansa.

VOB shi ne babba. Hoto yana ciki, da murya, da rubutun fassara na ƙasan hoto. Faifai guda yana iya ɗaukar murya har 8, wato fim ɗaya ya yi magana da Hausa, da Tamajak, da Faransanci. IFO ƙarami ne, ba hoto cikinsa. Shi ne jagora: yana gaya ma na'ura inda fim ya fara, inda kowane babi yake, da siffar hoton. BUP kwafin IFO ne. An ajiye shi don in karce ya ɓata na farko, na'ura ta koma ga na biyu.

VOB guda ba ya wuce jiga 1. Don haka dogon fim yankakke ne, kashi 4 ko 5, da sunaye a jere: VTS_01_1, VTS_01_2, har ƙarshe. Nan ne mutane suke yin hasara. Wani ya kwashe VOB guda ya zuba cikin waya, ya yar da faifan. Ran da ya zauna kallo, bai kai rabin awa ba fim ya tsaya, ko amarya ba a kai ba. Ya kamata a kwashe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya, a ajiye ta wuri biyu. Manhajar VLC tana buɗe ta. Manhajar HandBrake tana haɗa yankunan, ta mai da su fayil guda na MP4 wanda waya take karantawa. Dukansu kyauta ne.

Kafin a fara yanka

Yanka fim da haɗa shi, shi ne montage da Faransanci. Ana yin sa da manhaja irin Adobe Premiere. Kafin a sa hoto ko ɗaya, manhaja tana tambayar ma'aunin aikin. Madinki yana auna mutum kafin ya sa almakashi. Mai haɗa fim shi ma yana duba ma'aunin hoton da aka kawo mishi, ya ba manhaja wannan ma'auni daidai.

Tambaya ta farko, hoto nawa cikin daƙiƙa? In faifan na 25 ne aka zaɓi 30, manhaja za ta maimaita wasu hotuna don ta cike giɓi. Sai tafiyar mutane ta riƙa tsinkewa kamar ta gurgun jaki. Fim ɗin silima mai hoto 24 kuwa, hanzarta shi ake yi kaɗan ya zama 25. Fim na minti 100 sai ya ƙare cikin minti 96, muryoyi kuma su ɗan ƙara siranta.

Ta biyu, siffar allo. Tsohon akwatin talabijin 4:3 ne, kusan murabba'i. Sabon allo 16:9 ne, mai faɗi. Abin mamaki, duka biyu ɗigo 720 da layi 576 suke da shi bisa faifai. Wata ƴar alama ce take gaya ma na'ura ta shimfiɗa hoton ko ta bar shi. In aka kuskure, ango siriri ya zama gajere mai ƙiba, ko kuwa fuskar amarya ta yi tsawo kamar ludayi. Gwajin mai sauƙi ne: a nemi abu kewayayye cikin hoton, ƙafar keke ko bakin ƙwarya. In ya koma kamar ƙwai, siffar ba daidai take ba.

Ta uku ta fi wuyar ganewa. Tsohon talabijin ba ya zana hoto gaba ɗaya. Yana zana layi na 1, na 3, na 5, har ƙasa, sannan ya komo ya zana na 2, na 4, na 6. Rabi biyu ke nan, kuma ba lokaci guda aka ɗauke su ba. Allon waya da na kwamfuta suna nuna su tare. Shi ya sa hannun makaɗi yakan fito da haƙora kamar matsefi. Manhaja tana da wurin gyara wannan, da Faransanci désentrelacer. Mai son fim ɗin ya shiga waya sai ya zaɓe shi. Mai son ya sake zuba shi bisa faifai, don kallo a tsohon akwati, sai ya bar layukan yadda suke.

Murya ita ma tana da ma'auninta. A DVD ana auna ta sau 48.000 cikin daƙiƙa, a faifan waƙa na CD sau 44.100. In za a sa kiɗan CD cikin fim ɗin biki, sai manhaja ta mai da shi 48.000 tukuna, kafin a zuba aikin bisa faifai.