Sarwishin soja na tilas: ɗan wa za a ɗauka?

Maganar da aka ɗauka an binne ta shekaru da dama ta sake tasowa a majalisun Turai. Tun da Rasha ta abka wa Yukuren a watan Fabrairu na 2022, ƙasashen da suka rufe barikokinsu suka ce wa samari kowa ya kama gabansa sun koma lissafin yawan mazajen da za su iya riƙe bindiga idan rana ta ɓaci. Ranar 27 ga Nuwamba 2025 shugaba Macron ya sanar da sabon sarwishin soja na wata 10 a Faransa, amma ga wanda ya ga dama kaɗai. Kwanaki kaɗan bayan haka majalisar Jamus ta zartar da dokar da ta wajabta wa duk namijin da ya cika shekara 18 cike takardar tambayoyi game da lafiyarsa da niyyarsa ta shiga soja.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Yamai da gardamar Turawa. Ruwansu na nan ƙwarai. Dokar ɗaukar soja ta tilas daga Faransa ta zo mana, kakanninmu kuma sun ɗanɗana ta. Ban da wannan, a ƙarshen Disamba 2025 majalisar ministocin Nijar ta amince da wata doka da ke ba hukuma damar kiran mutane da karɓar dukiya da kayan aiki domin kare ƙasa. Tun da haka ne, ya kamata mu duba abin da tarihi ya nuna. Sarwishin tilas a kan ƙafa biyu yake tsayawa: adalci wajen ɗauka, da kuɗin riƙon waɗanda aka ɗauka. Duk inda ɗaya ta karye, abin yakan faɗi a kan talaka.

Ƙuri'a da mai hali

A 1798 Faransa ta kafa dokar da ta mai da kowane namiji bafaranshe soja. Amma da yake baitulmali ba ya iya ciyar da kowa, sai aka koma jefa ƙuri'a: wanda ya ja mummunar lamba ya tafi bariki shekaru da dama, wanda ya ja kyakkyawa ya koma gonarsa. Aka kuma bar ƙofa ga masu hali, watau idan ƙuri'a ta faɗa kan ɗan attajiri, ubansa yana iya biyan ɗan talaka ya tafi a madadinsa. Sai a 1872, bayan Jamusawa sun karya Faransa, aka haramta wannan ciniki. A 1905 aka soke ƙuri'ar kanta, aka ce shekara 2 ga kowa. Ashe fiye da shekara 100 Faransawa suka yi kafin su daidaita ɗan manomi da ɗan mai banki a gaban dokar da suka rubuta da hannunsu.

Wannan daidaito bai ƙetaro teku ba. A 1918 Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Senegal, ya zagaya Afirka ta Yamma ya tara wa Faransa fiye da mutum 60,000 saboda yaƙin duniya na farko. A 1919 aka mai da ɗaukar ta zama ta kowace shekara, sarwishi na shekara 3. A takarda ƙuri'a ce. A aikace kuwa kwamanda yakan yanka wa sarkin kanto yawan mutanen da zai kawo, shi kuma ya yanka wa masu gari. Kowa ya san ɗan wa mai gari zai miƙa: maraya, ko ɗan bara, ko baƙon da ba shi da mai tsaya masa. Dattawan kudancin ƙasar nan suna ba da labarin yadda samari kan tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin masu ɗauka. Daga 1926, waɗanda aka samu da lafiya amma babu wuri gare su a bariki an riƙa tura su aikin ƙarfi, kamar ginin madatsar ruwa ta Markala a ƙasar da ake kira Mali a yau. Ko da aka soke aikin tilas a 1946, wannan kashi bai kau ba sai a 1950. Waɗanda suka dawo daga yaƙi da rai kuma, dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi sosai da na abokan yaƙinsu Faransawa ba sai a 2011, lokacin da galibinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Dalilin da ya sa Faransa ta daina

Ranar 22 ga Fabrairu 1996 shugaba Chirac ya fito a telebijin ya ce Faransa za ta koma ga sojan sana'a zalla. Dokar 28 ga Oktoba 1997 ta dakatar da kiran duk wanda aka haifa bayan 1978, rukunin ƙarshe kuma ya tuɓe kaki a 2001. A lura, dakatarwa aka yi, ba a soke ba. Majalisa tana iya maido da shi.

Dalili na farko na yaƙi ne. A rikicin Kuwait na 1990 zuwa 1991 shugaba Mitterrand ya ƙi aika samarin sarwishi fagen daga. Sai ga ƙasar da ke da ɗaruruwan dubban mutane cikin kaki tana faman tsintar ƙwararru bataliya-bataliya kafin ta haɗa misalin 12,000. Manyan hafsoshi suka gane cewa yaron da aka horar na 'yan watanni ba ya iya sarrafa makaman zamani, kuma iyayensa ba za su yarda a kai shi nesa ya mutu ba.

Dalili na biyu na adalci ne, kuma ma'aikatanmu da suka yi lise a shekarun 1970 da 1980 shaidu ne a kansa. Da yawa daga cikin samarin Turawan da suka koya musu lissafi da Faransanci a Yamai da Damagaram da Maraɗi sarwishinsu suke yi. Mai babban difloma, ko mai uwa a gindin murhu, yakan samu a turo shi koyarwa ƙasar waje ko a ajiye shi a wani ofishi kusa da gida, ɗan lebura kuwa ya je gadi cikin sanyi a barikokin gabas. Ƙofar da aka rufe a 1872 ta sake buɗewa ta bayan gida. Da jama'a suka ga haka, ba su yi wa sarwishin kuka ba ranar da aka sallame shi.

Masu maidowa ba kowa suke ɗauka ba

A yau Faransawa da yawa suna kewar bariki, suna cewa nan ne kaɗai ɗan birni da ɗan ƙauye ke cin tuwo a akushi ɗaya. Amma lissafi ya hana. A kowace shekara matasa kusan 800,000 ke kai munzali a can. Ko ɗan gajeren shirin da Macron ya fara a 2019, na tara yara mako 2 ba tare da bindiga ba, kotun binciken kuɗin ƙasarsu ta ƙiyasta a 2024 cewa idan aka game shi ga kowa zai ci yuro miliyar 3.5 zuwa 5 a shekara, watau tsakanin miliyar 2,300 da 3,300 na sefa, kusan kasafin kuɗin Nijar na shekara guda. Shi ya sa aka tsara sabon sarwishin ya fara da mutum 3,000 kacal a 2026, kowanne da albashin yuro 800 a wata, fiye da jika 500.

Suwidin ta dakatar da sarwishi a 2010 ta maido shi a 2017, ga maza da mata. Duk wanda ya cika shekara 18 ana ƙidaya shi, amma cikin misalin 100,000 rukunin farko bai wuce 4,000 ba, kuma an fi zaɓen masu sha'awa da ƙoshin lafiya. Maroko ta soke nata a 2006 ta maido shi a 2019: wata 12, ga 'yan shekara 19 zuwa 25, da ɗan albashi da koyon sana'a. Rukunin farko misalin 15,000 ne, masu neman shiga kuma sun fi gurabe yawa. A ɗaya gefen ga Eritiriya, inda doka ta ce wata 18 amma tun 2002 sarwishin ya zama ba ranar fita. Sakamakon shi ne samarin ƙasar suna tserewa dubbai, wasu su halaka a hamada, wasu a teku.

Mu fa?

Masu son a faɗaɗa ɗaukar tilas a Nijar suna da hujjoji masu nauyi. Ƙasar ta fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ga wuta a Tillaberi da Diffa, ga masu satar mutane a kan iyakar Maraɗi. Ba a manta da askarawa 71 da suka kwanta dama a Inates a Disamba 2019 ba, da 89 na Shinagodar a Janairu 2020. A wannan shekara ta 2020 ne mahukunta suka ce za su ninka yawan sojoji daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara 5. Ga kuma samari zaune a fada babu aikin yi, waɗanda masu ɗauke da makamai ke ruɗa da babur da 'yan kuɗi. Idan Bazabarme da Bahaushe da Buzu da Bafillace da Babarbare da Tubu suka kwana ɗaki ɗaya shekara guda, in ji masu wannan ra'ayi, ƙasa ta samu abin da jawabi ba ya bayarwa. Irin wannan tunani ne ya sa Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa ta shekara guda a Najeriya a 1973, bayan yaƙin basasa.

To amma a duba lissafi. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma fiye da matasa rabin miliyan ke cika shekara 18 a kowace shekara. Ko maza kaɗai aka ce, sun ninka rundunar da aka yi niyyar kaiwa sau da yawa. Kowanne yana bukatar abinci sau uku, da kaki, da takalmi, da gado, da magani, da harsashin koyo, da kofur ko saje da zai horar da shi, wanda dole a janye shi daga fagen daga. Mun kuma san abin da soja mai jin yunwa ke yi: boren askarawa na Fabrairu 1992 da na Diffa a 2002 a kan albashi da halin rayuwa suka tashi. A koya wa yaro harbi, a sallame shi bayan shekara babu sana'a babu jari, wannan kiwon ɗan kura ne a cikin garke.

Tun da ba za a iya ɗaukar kowa ba, dole a zaɓa, a nan kuwa gizo ke saƙar. Ƙasar da yara da yawa ba su da takardar haihuwa, da wane littafi za a jefa ƙuri'a? Idan aka koma tambayar masu gari, mun koma 1919. Idan aka yafe wa duk mai karatu a jami'a, da duk wanda likita ya rubuta wa takarda, da duk wanda ubansa ya tura shi Kwatano ko Dubai sayen kaya, to ɗan manomi da ɗan makiyayi kaɗai za su rage, a daidai lokacin da gona ke bukatar hannunsu. Akwai kuma wani haɗari da aka gani a Burkina Faso bayan dokar Afrilu 2023, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ba da rahoton 'yan jarida da alƙalai da masu sukar hukuma da aka tura fagen daga. Ranar da kaki ya zama bulala, darajarsa ta zube a idon jama'a.

Ba daga sifiri za mu fara ba. Akwai sarwis sibik da masu difloma ke yi a ofisoshi da makarantu, akwai cibiyar N'Dunga kusa da Yamai da aka kafa don koya wa matasa sana'a cikin horo irin na soja. Kafin a yi zancen tilasta wa dubbai, a fara tambaya ko waɗannan sun samu kuɗin da ya dace da su, da abin da waɗanda suka fito suka zama. Idan kuwa tsaron ƙasa ya sa dole a kira samari, to a rubuta wa'adi a cikin doka a kuma cika shi, a ware kuɗin kafin a buga gangar kira, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a hana fansa da kuɗi ko da sunan tara, a tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni da iyalin wanda ya rasu.

Alhazai da manyan ma'aikata su ne suka fi kowa yawan cewa yaran yanzu sun lalace, bariki ne maganinsu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai kafin mutum ya ɗaga hannu ya goyi baya, ya dubi ɗansa da ke zaune a kanti ko a ajin ƙarshe na lise, ya tambayi zuciyarsa: idan ƙuri'a ta faɗa kan wannan, zan raka shi tasha in sa masa albarka, ko zan nemi wanda na sani a ma'aikatar tsaro? Amsar da iyaye masu hali suka bayar ita za ta nuna ko ƙasar ta shirya. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka ba da ransu dominta.